Damin Karan da Na Kai Gaban Bagadi

Duk saurayin da ya zo shagona neman koyon aikin kafinta, injin yankan katako yake fara kallo. Ya ga an danna abu katako ya rabe biyu, sai ya ɗauka shi ke nan, kafin damina ta zagayo ya zama oga yana aiken wasu sayo ƙosai. Ni kuwa sai in miƙa masa gwangwanin lanƙwasassun ƙusoshi da guduma, in nuna masa dutsen da ke bakin ƙofa, in ce ya miƙar da su. Da yawa ba sa dawowa washegari. Ku da kuka dawo, dominku nake wannan rubutu, saboda akwai maganar da ba ta faɗuwa a cikin ƙarar inji.

Ni ma da ƙusa aka fara da ni. Maigidana Saja Bawa tsohon soja ne, kamar yawancin dattawan unguwarmu a nan Zuru, kuma a bariki ya koyi aikin katako. Ya ajiye kaki amma bai ajiye tsawa ba. A lokacin ina golmo, wato noman da saurayinmu ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Da safe ina gonarsu, da rana in zo shago hannuwa duk kanta, ya ɗora mini zarto. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Dantani, mata kaka so ko hutu? Zaɓi guda." Babu inji a wancan zamani. Zarto ne da guduma da filen na fere fuskar katako, sai ƙarfin kafaɗarka.

Bencin majami'a shi ne aikin farko da ya bari na yi ni kaɗai. Ya kai ni wurin masu katako, ya sa na ƙwanƙwasa kowane falanki da bayan yatsa ina saurare. Busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye kuwa sai ka ji dum, kuma in ka yi aiki da shi zai murɗe bayan mai kaya ya kai gida. Maɗaci muka ɗauka, ja mai nauyi, wanda gara ba ta cika sonsa ba. Saja ya ce bencin gida daban, na majami'a daban, domin matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, ba sa zama ɗaya bayan ɗaya, in waƙa ta ƙare gaba ɗayansu suke faɗowa a kai. Saboda haka ba a dogara da ƙusa kaɗai, sai an huda an shigar da ƙafa cikin jikin falankin. Da na gama, ya hau bencin da takalmansa na soja ya yi ta tsalle, ya sauko bai ce uffan ba, ya tafi cin abinci. A wurin Saja, yabo ke nan.

Masu kawo aiki kuwa, kowa da halinsa. Akwai uwar amarya da za ta nace sai an yi gadon da ya fi na 'yar maƙwabciyarta, ranar jere a tarar ba ya shiga ƙofar ɗakin, kuma kafinta ne mai laifi. Akwai Oga Emeka mai shagon fenti da ƙusa a kasuwa, wanda duk shekara sai ya zo a ƙara masa kanta, yana cewa, "Oga Dantani, ka sa shi ya yi ƙarfi, kaya na akwai nauyi," sa'annan ya tsaya a kanka har ka buga ƙusar ƙarshe. Waɗannan duk ana wasa da dariya da su. Amma akwai wani mai zuwa da ba ya kallon gado, ba ya kallon kujera, zai tsaya a bakin ƙofa riƙe da karan dawa. Wannan akwatin gawa ya zo nema.

Mutanen ƙauyukanmu ba sa awo da tef. In mutum ya rasu, sai a sami miƙaƙƙen kara a shimfiɗa gefensa, a yanke daidai tsawonsa, a kawo wa kafinta. In ka gama ɗaukar awo ka mayar musu, su kai wa masu haƙar kabari, a can kuma yake ƙarewa. Saja ya koya mini dokokin wannan aiki kafin ya bar ni na taɓa shi. Ka karɓi karan da hannu biyu. Kada ka tsallaka shi, kada ka jefa shi a wuta. Ka ƙara faɗin tafin hannu a kai da ƙafa, ka tambayi faɗin kafaɗa a hankali, amma kada ka tambayi abin da ya kashe mutum sai in su suka fara. Ka ba mai jira wurin zama da ruwa, ka hana yin fito da kunna rediyo a shagon. Ƙusoshin murfi kuma ka riga ka kafa su rabi tun a nan, domin kada iyali su daɗe suna jin ƙarar guduma a bakin kabari. Wanda ya raina waɗannan, ko ya iya yanka kamar me, ban ɗauke shi kafinta ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan wajen Sakaba da Dirin Daji, Saja ya riga ya rasu, shagon yana hannuna. Mutane suka yi ta kwararowa Zuru, wasu a bayan mota, wasu a ƙafa da tukwane a ka. Suka cika makarantu da majami'u da gidajen dangi. Wanda harsashi bai gama da shi a can ba, rauni ya ƙarasa shi a nan. Tsofaffi da ƙananan yara kuma tari da zawo suka yi ta ɗauka. Karan da nake gani jefi-jefi ya koma kullum, wani lokacin mutane su yi layi. Don kada in rikita su, sai na ce kowa ya ɗaura wa nasa alama, ko ƙyallen zane, ko zare, ko abin da ya samu. Masu haƙar kabari kuwa sun daina jiran awo, suna haƙawa tun kafin a zo, don haka babu mai komawa da karansa. Ni kuma ba zan ƙona ba, ba zan zubar ba. Na riƙa jingine su a lungun bayan ƙofa.

Wani mutum ya zo wata ranar kasuwa, ya daɗe a tsaye, ban ga komai a hannunsa ba. Sai da shagon ya yi sauƙi ya zaro karan daga hannun rigarsa. Bai kai tsawon kamuna ba. Ina da ragowar farin katako mara nauyi daga gadon wata amarya, da shi na yi, na goge shi da samfefa ciki da waje har ya yi santsi, ko da yake na san babu wanda zai duba. Ya rungumi akwatin a ƙirji ya tafi, bai nemi mai taya shi ɗauka ba. Ranar na ji baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji a sana'ar nan ba, kuma da la'asar na ci gaba da aiki, don akwai masu jira.

Yanzu ga abin da nake so ku ji da kyau. A shekarar nan na samu. Waɗanda ba su da hali na yi musu da guntaye ban karɓi komai ba, amma da yawa suna da ɗa soja mai aikowa, ko dangi a gari. Na sauya kwanon rufin gidana, yarana ba a koro su daga makaranta ba ko sau ɗaya, kuma injin nan da kuke zuba wa ido, a shekarar na saye shi. Ban yi addu'ar kowa ya mutu ba, ban ƙara wa kowa farashi ba, amma gari yana kuka gidana yana cin nama.

Mutane ba makafi ba ne. Aka fara cewa Dantani mutuwa ke ciyar da shi. Wasu suka daina ba ni hannu. Na tafi duba wani abokina da ke kwance, matarsa ta tare ƙofa ta ce, "Tukuna dai, Kafinta, da sauran numfashi." Matata Rifkatu tana tuyar waina a bakin hanya, sai ciniki ya ja baya, har a zumunta in ta zauna sai ta ga ana matsawa. Ta daure, ta daure, wata safiya ta ajiye mini koko ta ƙi tashi.

"Baban Markus, ka bar aikin akwatin ga," in ji ta. "Ka koma gado da ƙofa. Da can ba mu mutu da yunwa ba."

"In na bari, wa za shi yi musu?"

"Wani ya yi. Kai kaɗai Allah ya ba hannu? Ɗiyanmu na tasowa, kana so a ce musu ɗiyan mai jiran gawa?"

Ba ta yi ƙarya ba, ni ma na gaji. Na yi mata alkawari cewa da an yi godiyar kaka a majami'a, na rufe wannan ɓangaren aikin.

Ana cikin haka aka gayyato wani mai wa'azi daga birni don taron farkawa kafin ranar godiya. Matashi ne, mai murya, mai tsabta. Ya ce shi maraya ne, ya kwana da yunwa yana yaro, kuma ban taɓa shakkar wannan ba, domin ana gani a yadda yake kallon abinci. Wa'azinsa guda ne: ɗan Allah ba a yi shi don wahala ba, in ka ga wahala ta yi zaune a gidanka, to ka binciki bangaskiyarka. Mutanen gaba suna amin da ƙarfi. 'Yan gudun hijira kuwa, waɗanda ke zama a layukan baya da tufafin da aka ba su, sai su sunkuyar da kai.

Wani ya ba shi labarin sabon rufina da injina, sai ga shi a shago.

"Baba, kai ne shaidar da nake nema," in ji shi. "Kowa yana kuka, kai kana gini. Ranar Lahadi kai za ka buɗe mana godiya."

"Malam, ka san abin da nika sayarwa kuwa?"

"Na sani, Baba. Allah yana ciyar da nasa ta hanyar da ya ga dama. Ka tashi ka faɗa, masu rauni su ga abin da bangaskiya take yi."

Ya tafi ya bar ni da haushi. A waje an ce la'ananne ne ni, a cikin majami'a an ce zaɓaɓɓe, kuma duk a kan akwatunan nan ne.

Kun san yadda muke godiyar kaka. Kowa yakan kawo daga abin da hannunsa ya samar, ana kiɗa ana rawa har gaban bagadi. Manomi da damin dawa ko kwandon wake ko akuya, tela da riga, mai waina da tasa cike. Fasto ya ɗora hannu ya yi addu'a, bayan sujada a sayar don aikin ikilisiya. Ni kowace shekara ɗan tebur nake kaiwa, kuma na riga na yi shi na shafa fenti. Da safiyar Lahadin na shiga shago in ɗauko, sai idona ya faɗa lungun bayan ƙofa. Tunda zan rufe aikin, dole karan nan su bar wurin, kuma na kwana biyu ina tunanin inda zan kai su ban samu ba. Na tsaya ina kallon tebur, ina kallon lungu. Teburin ƙarya ne, ba shi na girba bana ba. Na ɗauko igiya na ɗaure karan dami guda, na aza a ka.

Rifkatu ta gan ni a ƙofar majami'a, ta riƙe baki. "Baban Markus, mi kaka yi haka?"

"Girbina na ɗauko."

Da na shiga layin rawa, dariya aka fara yi. Ga manoma da damma masu manyan kawuna, ga kafinta da damin da babu ko ƙwaya a kai, wasu dogaye wasu gajeru. Sai na kusa suka lura da ƙyallayen da ke ɗaure a jiki. Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya, mai ganga ya sassauta har ya tsaya. Na sauke damin a tsakanin dawa da doya. Mai wa'azin ya miƙo mini makirufo, hannunsa bai san ko ya ba ni ko ya janye ba.

Ni ba mai iya magana ba ne a taro, amma ga abin da na ce.

"An ce in hwaɗi abin da Allah ya yi mini bana. Ga shi nan. Kowane kara mutum ne. Da su na yi rufin ɗaki, da su na sayi inji. Ina gode wa Allah da ɗiyana sunka ci sunka ƙoshi, ba ni cewa ban ji daɗi ba, talauci ba ibada ba ne. Amma in wani ya ce don na hi waɗanga bangaskiya ne, shi taso shi nuna mini karan da bai yi addu'a ba. Na san wasunsu, sun hi ni zuwa sujada. Ubangijin da muka bi, da katako da ƙusa anka kashe shi, kayan aikina, kuma ba rashin bangaskiya ya kai shi can ba. Abin da na samu ba lada ba ne, nasu kuma ba horo ba ne. Wanda ya samu shi riƙe wanda ya rasa, iyakar abin da na gane ke nan. Daga yau kuma na bar aikin akwati."

Wani dattijon ikilisiya ya miƙe a fusace, ya ce an kawo kayan mutuwa gaban bagadi ranar murna, a fitar da su. Tsohon Fastonmu, wanda shi ya binne yawancin mutanen nan, ya sauko a hankali da ciwon gwiwarsa, ya ɗora hannu a kan damin kamar yadda ya ɗora a kan na dawa, ya yi addu'a. Kafin ya ce amin, matan layukan baya sun fara tasowa. Suka kewaye damin suna neman ƙyallayensu. Na ɗaure igiyar da ƙarfi irin na kafinta, suka kasa kwancewa, sai mai wa'azin nan ya durƙusa da kwat ɗinsa ya kwance musu. Ba zan ce muku ya sauya wa'azinsa ba, don ban sake jinsa ba, kuma ba mu yi wata magana ba bayan nan. Abin da na gani ke nan.

A cikin matan akwai wata tsohuwa 'yar ƙarama, daga wani ƙauye a bayan Dirin Daji, ana ce mata Mama Laraba. Ta zaro kara biyu masu ƙyalle iri ɗaya, shuɗin zane, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ta riƙe su a ƙirji, ba ta yi kuka ba. Can ta mayar da su cikin damin ta ce wa Fasto, "Nan ya hi musu." Ba a sayar da komai ba ranar sai bayan an raba dawar ga mutanen baya. Damin kuwa Fasto ya sa aka kai makabarta aka binne.

Washegari da hantsi na fara cika alkawarina. Ina fitar da falankan akwati waje don in sayar wa wani kafinta, Rifkatu ta kawo mini abin kari, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka an daɗe. Sai ga Mama Laraba tana tahowa a hankali, riƙe da sabon kara, ɗanye, da shuɗin ƙyallen nan a jiki. Na ajiye falanki na miƙa hannu biyu, don hannu ya saba.

"Sannu, Mama. Wa kuma anka rasa?"

"Ba kowa. Nawa ne."

Ta ce ta kwanta a gindin bango ta ja layi da gawayi a kai da ƙafa, ta auna da kanta.

"Na ji ka ce ka bari," in ji ta. "Ɗana kai ka yi mishi. Jikana kai ka yi mishi, sun ce har ciki ka goge. Ni ba ni da sauran wanda za shi kawo maka nawa, shi ya sa na kawo da ƙahwata. In ka bari, to ka hwaɗa mini inda zan kai."

Na janye hannuwana. Alkawari na yi, kuma a gaban ikilisiya na maimaita shi. Na dubi Rifkatu. Ta daɗe tana kallon tsohuwar, sa'annan ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta goge tafinta a zane, ta karɓi karan da hannu biyu, ita da ba ta taɓa yarda ta taɓa ko ɗaya ba. Ta shiga shagon ta jingine shi a lungun da na share jiya. Da ta fito ta ce, "Baban Markus, mai da katakon ga ciki, rana na dukansa." Ta juya ga tsohuwar ta ce, "Mama, zauna ki ci waina, ba yau ba ne."

Na mayar da falankan. Ranar Lahadin da ta biyo na tashi na gaya wa ikilisiya cewa na janye maganata, wasu suka yi gunaguni, na bar su da shi. Har yau akwai waɗanda ba sa ba ni hannu, akwai kuma waɗanda in sun ga na sayi sabon abu sai su ce Allah na son Dantani. Dukansu ina gaishe su in wuce shago. Duk wanda zai gaji wannan wuri a cikinku, zai gaji gado da benci, zai kuma gaji akwati, ban raba su ba kuma ba zan raba ba.

Mama Laraba tana nan da ranta, tana sayar da daddawa a bakin kasuwa. Duk ranar kasuwa in ta tashi, sai ta biyo ta nan ta leƙo, ba ta shigowa.

"Kafinta, karana shina nan?"

"Shina nan, Mama. Ni ma ina nan."